Yadda nake ɗaukar hoton ƙwaron wake da zugazugin kyamara a Garwa

Ƙwaron da ke huda wake a rumbu tsawonsa milimita 3 zuwa 4 ne, ƙwan da matarsa ke mannawa a bayan ƙwayar wake kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Lensin da ke zuwa tare da kyamara ba zai nuna maka su ba sai a matsayin ɗigo. Ko lensin kusa mai tsada, galibinsa yana tsayawa ne a ninki ɗaya, wato abu ya faɗa kan sensa, faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara, daidai da girmansa na zahiri. Wanda ke son manomi ya ga ƙwan da idonsa a jikin takarda yana buƙatar ninki biyu ko uku, kuma hanya mafi araha ta kai wa can ita ce tsohon zugazugin kyamara: baƙar fata ko leda mai naɗe-naɗe a tsakanin allo biyu da ke zamewa a kan dogon ƙarfe, lensi a allon gaba, kyamara a na baya. Babu gilashi a cikinsa, babu lantarki. Aikinsa ɗaya ne, ya nesanta lensi daga sensa gwargwadon yadda kake so.

Kayan da na haɗa su ne kyamara marar madubi mai sensa mai faɗin milimita 23.5, zugazugi mai zaren M42, da lensin injin wanke hoto EL-Nikkor 50mm f/2.8. Irin wannan lensi yana kwance a ɗakunan tsofaffin masu ɗaukar hoto tun da aka daina wanke fim, kuma Componon-S ko Rodagon masu milimita 50 duk suna yin aikin. Na fi son su a kan lensin kyamara na yau da kullum saboda an ƙera su don aikin kusa, filinsu a shimfiɗe yake daga tsakiya har gefe, kuma zoben ƙofar haskensu da hannu ake juya shi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin lensin zamani da ba shi da zobe, da zarar ka raba shi da jikin kyamara ba ka da ikon buɗe ƙofarsa ko tsuke ta. Wanda ya samu zugazugin Nikon PB-6, mai miƙewa daga milimita 48 zuwa 208, ya samu abin da ya fi nawa ƙarfi da santsi, amma lissafin duk ɗaya ne.

Wajen zare ake fara asara. Zaren M42 faɗinsa milimita 42, tazarar zarensa milimita 1. Akwai wani da ake kira T2, shi ma milimita 42, amma tazararsa 0.75. A ido ba ka raba su. Suna shiga juna zagaye ɗaya ko biyu sannan su cije, idan ka matsa da ƙarfi ka cinye zaren allon gaba, kuma wannan ba ya gyaruwa da sauƙi. Duk zoben da ya cije kafin ya zauna, a warware shi a ajiye. Lensin wanke hoto kuma zarensa na baya milimita 39 ne, don haka yana buƙatar zobe daga 39 zuwa 42 in za a ɗaura shi a miƙe. Ni a juye nake ɗaura shi, bayansa na kallon ƙwaro, ta zoben da ke kama zaren gabansa mai milimita 40.5. Dalili shi ne an tsara shi ne fim ya kasance kusa da bayansa, takarda can nesa da gabansa. Da zarar an wuce ninki ɗaya, ƙwaron ne na kusa, sensa ce ta nesa, juya shi kuwa yana mayar da shi kan tsarin da aka yi shi dominsa.

Kafin na ɗaura komai sai da na gwada fatar. Na shiga ɗaki da dare, na miƙe zugazugin iyakarsa, na sa tocila a ciki, na toshe bakin biyu da tsumma, na jira idona ya saba da duhu. Hujin yakan fito a kusurwoyin naɗin, ƙananan taurari ne da ba a ganinsu da rana. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana busar da fata ta tsattsage daidai wurin da take lanƙwasa. Na shafa baƙin fentin yadi a kan kowane huji daga ciki, shafa biyu sirara, na bar shi a miƙe kwana guda. Idan aka naɗe shi fentin bai bushe ba, naɗin zai manne, wajen buɗewa ya yage fiye da da. Salatif ba ya daɗewa a nan, gam ɗinsa narkewa yake yi. Akwai wata kafa da mutane ke mantawa: lensin wanke hoto da yawa suna da 'yar taga da ke haska lambobin ƙofa a ɗakin duhu. A kan zugazugi wannan tagar haske take shigarwa ta gefe, hoto ya fito fari-fari kamar an yi masa hazo. Ita na rufe da baƙin salatif na masu wayarin, tunda a kan ƙarfe da roba yana zama.

Sai lissafi, kuma gajere ne. Nisan da ke tsakanin sensa da tsakiyar lensi shi ne ninkin da kake so a ƙara masa ɗaya, sannan a ninka shi da milimitar da ke rubuce a jikin lensin. Da lensi mai milimita 50, ninki ɗaya yana son milimita 100, ninki biyu 150, ninki uku 200. A jikin kyamara akwai alamar da'ira da layi ya ratsa ta, nan sensa take, daga nan ake aunawa. A tawa, jikin kyamara da adafta sun cinye kusan milimita 45 da rabi, zoben juyawa da rabin lensin sun ƙara wani abu, abin da ya rage wa zugazugi a ninki uku bai wuce 130 zuwa 140 ba. Lambobin da ke rubuce a kan dogon ba na dogara da su, domin an buga su ne don wani lensi da wata kyamara. Rula nake ɗauka a hoto. In milimita 8 ta cika faɗin hoton, 23.5 a raba da 8 ya ba da kusan 2.9. Wannan hoton rular ina ajiye shi, domin da shi zan zana ma'auni a ƙasan hoton ƙarshe.

A ninki biyu filin da ake gani milimita 11.7 ne da 7.8, daidai ƙwayar wake guda da ƙwayayen da ke kanta. A ninki uku ya koma 7.8 da 5.2, ƙwaro ɗaya ya zauna da sarari a gefensa. Ƙwai mai milimita 0.7 a ninki uku yana cin sama da ɗigo 500 a kyamara mai megafiksel 24, wanda ya isa a bambance sabon ƙwai mai sheƙi kamar ruwa da wanda ya yi fari fat. Farin yana nufin tsutsar ta riga ta huda ta shige cikin waken, ta bar garin da ta tono a cikin ɓawon. Wannan bambancin shi ne abin da ya fi cancanta a nuna wa mai ajiye wake, domin waken da ido ke gani lafiya lau yana iya kasancewa an gama shiga cikinsa. Dabarar buhu mai ninki uku da ke toshe iska, wadda bincikenta ya faro tsakanin jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken noma a Marwa ta Kamaru, an fi saurin karɓarta idan mutum ya ga abin da ake neman shaƙewa.

Girman nan ba kyauta yake zuwa ba. Haske yana raguwa da ninki a ƙara ɗaya, sau kansa. A ninki ɗaya kana buƙatar haske sau 4, a biyu sau 9, a uku sau 16. Hoton da da za a ɗauka a 1/60 na daƙiƙa ya koma kusan 1/4. Abu na biyu da ake biya ya fi wannan ciwo, shi ne kaurin wurin da ke fitowa tas. A ninki uku, ƙofa a f/4 (lambar f in ta ƙaru, ƙofar hasken ta tsuke ke nan), kaurin nan kusan milimita 0.07 ne, gwargwadon kaurin gashin kai. Idon ƙwaro ya fito, ƙahonsa da bayansa sun narke.

Abin da hannu ke kai wa nan take shi ne zoben ƙofa, a tsuke shi zuwa f/16 don a samu zurfi. A nan nake roƙon duk mai son wannan aiki ya tsaya. Lambar da ke jikin zobe ba ita ce sensa ke gani ba, ita ma sai an ninka ta da ninki a ƙara ɗaya. f/4 a ninki uku f/16 ce a zahiri, f/5.6 ta zama f/22, f/16 kuwa ta zama f/64. Haske idan ya ratsa ƙaramar kafa bazuwa yake yi, kowane ɗigo ya zama tabo. A f/16 ta zahiri faɗin tabon kusan maikiron 21 ne (maikiron kashi ɗaya cikin dubu ne na milimita), a f/64 ya kai 86, alhali ɗigon sensar bai kai maikiron 4 ba. Abin da ka samu a madadin wannan asara shi ne zurfin milimita 0.28, wanda ko kashi ɗaya cikin biyar na kaurin ƙwaron bai rufe ba. Ka rasa kaifi ko'ina, zurfin kuma bai isa ba. Na ɗauki abu ɗaya a f/2.8, f/4, f/5.6, f/8 da f/11 na jera su a kwamfuta, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka da lensinsa. A nawa f/2.8 tana da laushi a gefe, f/4 ta fi kowacce kaifi, f/5.6 tana biye da ita, daga f/8 gashin bayan ƙwaron ya fara haɗewa. A f/4 na tsaya, zurfin kuma na nemo shi ta hanyar ɗaukar hotuna da yawa, kowanne a gaban na baya da ɗan kaɗan, manhaja ta tsinci wurin da ya fito tas a kowanne ta haɗa.

Wannan ba ya yiwuwa sai komai ya tsaya cak. Sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku ba ta wadatarwa, musamman in ƙwaron yana kan tebur daban, domin kowanne rawarsa daban. Na sa kafinta ya yanko katako mai kaurin santimita 4, tsawon santimita 60, na ɗaure zugazugin a kansa da kusa mai zare, wurin ɗora ƙwaron ma a kan katakon yake. In ya girgiza, tare suke girgiza, hoton bai sani ba. Katakon yana kan daɓen siminti a kan tsohon tawul da aka ninka. Fanka a kashe, komai zafi, domin iskarta tana kaɗa ƙahon ƙwaro. Babur in ya wuce a lungu ana ganin rawarsa a allon kyamara, sai a jira.

Wurin ɗora ƙwaron ƙaramin katako ne da ke zamewa tsakanin sanduna biyu, bolti mai lamba M6 yana tura shi daga baya, robar ɗaure kuɗi tana janyo shi ya manne da bakin boltin. Zaren M6 tazararsa milimita 1 ce, zagaye guda milimita guda ke nan. Na manna faifan kwali a kan boltin na raba shi gida 20, kowane gida milimita 0.05, wanda ya ɗan gaza zurfin 0.07 don hotunan su hau kan juna. In taku ya fi zurfin faɗi, hoton ƙarshe yakan fito da zane-zanen dishi-dishi a jere, kuma babu manhajar da ke cike abin da ba a ɗauka ba. Kaurin milimita 2 yana cin hoto 40. Juyawa kuma gefe ɗaya ake yi daga farko har ƙarshe, domin kowane zare yana da ɗan sako-sako, in ka koma baya gida biyu ko uku za su tafi a banza kafin ya sake kamawa.

Akwai wata hanya ga wanda allon bayan zugazuginsa ke da nasa maballin. A kulle allon gaba, a riƙa matso da kyamara wajen lensi. Motsin baya yana daidai da na gaba sau ninki sau ninki, don haka a ninki uku takun 0.05 a wurin ƙwaro ya zama 0.45 a wurin kyamara, abin da yatsa ke iya yi ba tare da bolti ba. Ana farawa daga abin da ya fi kusa, zugazugi a miƙe, ana rage shi. Amfaninta shi ne lensi bai motsa ba, gaɓoɓin da ke gaba ba sa sauya wuri a kan na baya. Girman yana ɗan raguwa a hanya, manhaja tana daidaita wannan. Zugazugi masu araha da yawa allon bayansu a kafe yake, shi ya sa na bi ta bolti.

Shi ƙwaron, daga wake mai huji na kaɗo shi cikin ƙaramar kwalba mai murfi, ya kwana a firiza. Da safe ba a buɗe kwalbar nan take, sai ta yi rabin awa a ɗaki, in ba haka ba raɓa ta kwanta a jikinsa ta manne gashin. Tun yana da laushi na miƙe ƙafafunsa da bakin allura, na ɗiga gam kaɗan a kan wata allurar na manna ta a cikinsa ta gefen da kyamara ba ta gani, na soke gindinta a ƙullin cingam a kan katakon. Sannan na bar shi awa guda. Ƙwaron da ke bushewa yana motsi a hankali, ƙaho yana sauka, ƙafa tana lanƙwashewa, in aka fara ɗauka a lokacin sai a samu ƙaho biyu a wuri ɗaya. In kuma ya kwana a buɗe a rani ya zama ƙayau, taɓawa kaɗan ƙafa ta karye. Ƙurar jikinsa da buroshin fenti mafi siriri ake share ta, domin a ninki uku garin wake ɗaya tsakuwa ne. Bayan fage takarda ce mai ruwan toka, santimita 10 a bayansa.

Tsakanin lensi da ƙwaro akwai santimita 4 zuwa 5, nan hasken zai shiga. Filasha nake amfani da ita, a gefe, an sa ta da hannu a 1/16 na ƙarfinta. A wannan ƙarfi walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, ita ke tsayar da sauran rawar da katako bai kashe ba. Saurin ɗauka 1/200 na daƙiƙa, ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, 100 ko 200, fitilar ɗaki a rage. Filasha tsirara tana ƙona bayan ƙwaro da farin tabo, ta bar ƙarƙashinsa baƙi ƙirin. Na yanke gindin farin kofin roba na kifa shi kewaye da ƙwaron, filashar tana dukan kofin daga santimita 15, farar takarda a ɗaya gefen tana mayar da haske. Sai dai kofin yana watsa haske har cikin lensi, kuma bayan lensin da aka juya ba shi da wata kariya. Na naɗa baƙar takarda ta zama bututu mai tsawon santimita 2 na sa a bakinsa, cikin adaftar da ke sheƙi kuma na liƙa baƙin karammiski. Waɗannan biyun sun ƙara wa hoton ƙarfin launi fiye da duk wani gyara na kwamfuta.

A cikin kyamara akwai abubuwan da sai an taɓa. Tunda ba ta jin lensi a jikinta, sai an kunna izinin ɗauka ba tare da lensi ba. Komai a hannu: sauri, ISO, da ma'aunin fari, domin in aka bar shi ya zaɓa da kansa launi zai riƙa sauyawa daga hoto zuwa hoto. A kashe mai hana rawa. A sa labulen farko na lantarki, wato saitin da ke rage rawar kyamara lokacin ɗauka, a ɗauka da waya ko da jinkirin daƙiƙa 2. Mai kyamara mai madubi ya kulle madubin sama tukuna. RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. Saiti kuma a f/2.8 nake yinsa don allo ya yi haske, in nemo wuri mafi kusa, in ja baya gida uku, in mayar da zobe f/4, sannan in fara. Juya gida ɗaya, ɗauke hannu, ƙirga uku, ɗauka. Ƙirgar tana ba katako damar natsuwa, filasha kuma ta cika, in ba ta cika ba wani hoton zai fi wani duhu. Ana wuce wuri mafi nisa da gida uku kafin a tsaya.

Ƙura ita ce babbar matsalarmu a nan, daga Disamba zuwa Fabrairu musamman. Zugazugin kyamara numfashi yake yi kamar na maƙera, duk miƙewa yana zuƙo iskar ɗaki, duk naɗewa yana hura ta kan sensa. A f/16 ta zahiri kowace ƙura tana fitowa baƙin ɗigo, kuma da yake manhaja tana ɗan sauya girman kowane hoto, ɗigon yakan zama dogon layi kamar sawun tsutsa. Don haka nake miƙe zugazugin zuwa tsawon da nake so kafin in ɗaura kyamara, in hure cikinsa da robar hura iska, in yayyafa ruwa a daɓe, in rufe taga. Kafin a fara, a ɗauki farar takarda a duba. Goge sensa sau ɗaya ya fi goge layi ashirin a kwamfuta. Da damina kuma, a kwarin Binuwai, laima ce ke kawo fumfuna a fata da gilashi, sai a ajiye su a roba mai murfi da 'yan ƙunshin shan laima.

Haɗawa a kwamfuta ba ta da wuya. Na mayar da hotunan zuwa tsarin fayil na TIFF da gyara iri ɗaya. A cikin manhajojin haɗawa, Zerene Stacker da Helicon Focus na kuɗi ne, CombineZP da Picolay kyauta. A Zerene hanyar PMax ta fi riƙe gashi da wurin da ƙafa ta gitta ƙafa, amma tana ƙara tsakuwa-tsakuwa a hoto, DMap ta fi launi mai kyau amma tana barin gajimare a gefen ƙaho. Nakan yi duka biyun, in ɗauki DMap in gyara gefunan daga PMax. In layin dishi-dishi ya bayyana, taku ya yi faɗi, a koma gida 30 a faifan maimakon 20. In gaɓa ta fito biyu, wani abu ya motsa, a duba allurar da cingam ɗin, domin cingam yana saki a zafi. In duk hoton ya yi laushi bai ɗaya alhali babu rawa, a duba zoben ƙofa, yawanci ya zame zuwa f/8 lokacin da ake sa bututun takarda. Daga ƙarshe na buɗe hoton rular, na auna ɗigo nawa ne milimita ɗaya, na zana layin a kusurwar ƙasa na rubuta 1 mm a kansa, domin in babu shi wanda aka nuna wa zai ɗauka wani ƙwaro ne mai girman buzuzu, ba wanda ke cikin buhunsa ba.